Takardar da Aka Raba da Maƙwabtanta

A can zamanin da, lokacin da takarda ke zuwa a bayan raƙumi daga ƙetaren sahara, an yi wani sarki da ya hau gadon mahaifinsa yana da ƙuruciya. Ba mugu ba ne, kada a yi masa ƙazafi. Yana da kyauta, yana da kunya, yana girmama na gaba da shi. Aibinsa ɗaya ne, ba ya iya jira. In ya ce a kawo ruwa, so yake ya ga ƙoƙo a hannunsa kafin ya rufe baki.

A bayan fadarsa akwai wani soro mai ɗaki uku, inda ake ajiye takardun sarauta tun na kakannin kakanni. Mai riƙe da mabuɗin wani tsoho ne, ana ce masa Malam Wada, shekararsa arba'in da ɗaya a wannan aiki. Ga yadda yake yi. In hakimi ya rasu, ko alƙali, ko wani mai muƙami, aka kwaso takardunsa aka kawo, Malam Wada ba ya kwance su. Yadda mai su ya ɗaure su, ta sama a sama, ta ƙasa a ƙasa, haka zai zuba su a gafaka, jakar fata ta ajiye takardu. Sai ya yanki 'yar takarda ya rubuta daga gidan wane suka fito, a wace shekara, wa ya kawo, ya soke ta a bakin gafakar. Na gidan alƙali suna gefe guda, na Sarkin Kasuwa suna nasu gefen, wasiƙun da suka shigo fada daban, kwafin waɗanda aka aika daban. Yakan jera su a bisa katako nesa da ƙasa, ya barbaɗa busasshen ganyen ɗoɗɗoya saboda ƙwari. Duk wanda ya shiga soron nan sai ya fito rigarsa na ƙanshin fata da ɗoɗɗoya.

Wata rana ƙauyuka biyu suka kawo ƙara a kan wata fadama. Kowa ya ce an taɓa yanke hukunci, kuma shi aka ba. Sarki ya aika a kawo takardar. Malam Wada ya aiko yana tambaya, a zamanin wane sarki aka yi shari'ar, kuma wane alƙali ya yi ta. Ba wanda ya sani. Sai da ya kwana uku yana bin gafaka bayan gafaka kafin ya fito da ita. Takardar ta raba gardama sarai, amma Sarki bai ga wannan ba, kwana ukun nan kaɗai ya gani.

Wazirinsa, Waziri Cindo, mutum ne mai kaifin hankali, ya yi yawon ƙasashe, ya ga yadda fatake ke shirya rumfunansu, gishiri wuri ɗaya, kanwa wuri ɗaya. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, soron nan ba ajiya ba ce, daji ne. A kwance ɗaurin nan duka, a tara kowace takarda a ƙarƙashin sunan da ke bisa kanta. Duk wanda Sarki ya ambata, kafin ya gyara zama an kawo abin da ya shafe shi."

Maganar ta yi wa Sarki daɗi. Aka kira Malam Wada aka gaya masa. Tsohon ya ce, "Ranka ya daɗe, ina da tambaya. In aka tsinci wuƙa a rumfar mahauci, me za a ce?"

Sarki ya ce, "Kayan aikinsa ce."

"In aka tsince ta ƙarƙashin matashin kan wanda ya yi faɗa da maƙwabcinsa jiya fa?"

"Sai a kama shi a bincika."

Malam Wada ya ce, "To, ranka ya daɗe, wuƙar ɗaya ce. Inda ta kwana ne ya bambanta. Haka takarda take. Abin da aka rubuta a jikinta rabin maganarta ne, sauran rabin yana wurin gidan da ta fito da takardun da ta kwana tsakaninsu. In aka raba ta da maƙwabtanta, za ta ci gaba da magana, amma ba sauran mai cewa gaskiya ta faɗa ko ƙarya."

Fadawa suka yi dariya, suka ce tsufa ya sa Malam ya fara yi wa takarda dangi. Sarki bai yi dariya ba, don yana da kunya, amma ya riga ya yanke. Ya sa aka ba Malam Wada riga da rawani, aka yi masa godiya, aka karɓi mabuɗin. Wanda aka ba riga a ranar da aka karɓe masa mabuɗi ya san abin da rigar take nufi. Tsohon ya yi godiya, ya tafi gida.

Waziri ya tara magatakarda arba'in. Wata uku suna aiki, kuma tsakani da Allah aikin ya yi kyau a ido. Aka kwance ɗauri, aka zazzage gafakoki, kowane suna da tarinsa. Magatakardan ba su karanta komai ba, don da za su karanta da shekara goma ba ta ishe su ba, sunan da ke sama kawai suke dubawa su jefa. 'Yan takardun da Malam Wada ke sokewa a bakin gafaka kuwa, tun da ba sunan mai ƙara ko wanda ake ƙara a jikinsu, aka tara su da duk wani guntun da ba shi da suna, aka riƙa ƙonawa a bayan soro. Malam Wada yana dawowa daga masallaci ya hangi hayaƙin. Ya tambaya, aka gaya masa. Ya nemi gindin katanga ya zauna, ya daɗe bai tashi ba.

Da aka gama, Sarki ya tara fada don a ga abin da aka yi. Ya duba cikin manyan, idonsa ya faɗa kan Galadima Gwadabe. Wannan Galadima ya kusa tamanin. Shi ya tsare Ƙofar Yamma a shekarar da abokan gaba suka kewaye garin, shi ya riƙa saɓa Sarki a kafaɗa yana yaro, shi ya sa Sarki ba ya kiransa sai Baba. Sarki ya so ya karrama shi gaban jama'a. Ya ce, "A kawo mini takardun Baba Galadima, a karanta, yaran yanzu su ji yadda ake bauta wa ƙasa."

Kafin ya gyara zama an kawo. Waziri ya sunkuyar da kai yana murmushi. Mai karatu ya fara. Ta farko godiya ce daga marigayi Sarki, ta biyu labarin rijiyoyin da Galadima ya haƙa a shekarar fari, jama'a na ta cewa madalla. Ya ɗauki ta uku, ya karanta layi biyu, sai ya tsaya. Sarki ya ce ya ci gaba. Wasiƙa ce ta shekara ashirin da takwas da suka wuce, daga Galadima Gwadabe zuwa ga sarkin ƙasar yamma, babban abokin gaban masarautar. Tana cewa in kaka ta yi ya taho da rundunarsa, zai tarar da Ƙofar Yamma a buɗe. A ƙasanta ga hatimin Galadima, ɓaro-ɓaro.

Galadima ya miƙa hannu aka ba shi takardar. Ya kai ta kusa da ido, ya daɗe yana kallo.

Sarki ya ce, "Baba, hatimin nan naka ne?"

Ya ce, "Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Kai ka sa aka rubuta?"

Tsohon ya ajiye takardar a hankali. Ya ce, "Ba ni da abin cewa."

Sarki ya sake tambaya, ya kuma sakewa, har yana roƙo. Amsar ba ta canza ba. Abin da aka karanta gaban jama'a kuwa ba ya komawa ciki. Manyan fada suka ce hukuncin cin amanar gari takobi ne, ko shekara nawa ta wuce, in aka ɗaga wa Galadima gobe kowa ya sami ƙofa. Aka cire masa rawani, aka kai shi gidan yari. Sarki ya shiga gida ya ƙi cin abinci.

Washegari Malam Wada ya zo fada da tsohuwar rigarsa, ya nemi iso. Ya ce, "Allah ya ja zamaninka, a nuna mini takardar."

Aka ba shi. Bai karanta ba. Ya juya bayanta, ya shinshina ta, ya fita tsakar fada ya ɗaga ta saitin rana. A gefenta na dama akwai ƙananan huda uku, sun zauna kamar duwatsun murhu. Ya dawo ya durƙusa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, yau zan tona wa kaina asiri. Shekara goma sha tara da suka wuce aka yi damina mai nauyi, bangon gabas na soro ya jiƙe, ƙwaro mai huda takarda ya shiga gafaka goma sha ɗaya kafin in farga. Ban gaya wa kowa ba, kunya ta hana ni. Cikin aikina duka nan ne kaɗai ƙwaro ya ci ni. Gafakokin nan kuwa duka na gidan marigayi Alƙali Bunu ne, wasunsu an kawo su a ɗinke, an ce kada a buɗe sai da izinin Sarki, ban kuwa taɓa buɗewa ba. Takardar nan daga cikinsu ta fito. Ba ta kwana a wasiƙun fada ba, ba ta kwana a na gidan Galadima ba. Me wasiƙar da aka yi wa abokin gaba take yi a gidan alƙali?"

Waziri ya ce, "Wataƙila a hanya aka kama ta."

"Wataƙila. To me ya sa marigayi Sarki ya bar masa ƙofar shekara ashirin bayan haka? Ni ban san amsa ba, Waziri. Maƙwabtanta suka sani. Ƙwaron da ya huda ta bai tsaya kanta ba, ya huda ta samanta, ya huda ta ƙasanta, a wuri ɗaya. A ba ni lokaci in neme su."

Sarki ya kama maganar nan kamar wanda ruwa ya ci ya sami reshe. Manya suka yi gunaguni, aka daidaita a kan kwana arba'in. In sun cika ba a sami komai ba, hukunci ya tabbata.

Kafin ya fara, Malam Wada ya biya gidan yari. Shi da Galadima tare suka yi makarantar allo. Ya same shi zaune a tabarma, kansa ba rawani, furfura fari fat.

Ya ce, "Gwadabe, ni na san ba kai ba ne. Ka taimake ni. Wa ke shiga inda kake ajiye hatimi a wancan lokacin?"

Galadima ya kalle shi. Ya ce, "Wada, in kana ƙaunata, ka bar takardun nan su kwanta. Na tsufa, abin da ya rage mini bai kai wahalar idonka ba."

"Sunanka fa?"

"Suna kaya ne. Wani ya fi wani ƙarfin ɗauka."

Malam Wada ya fito ransa a ɓace, bai fahimci komai ba. Amma taurin kai irin na masu ajiya ba a magana. Ya shiga soro. Abin da ya gani ya kusa sa shi kuka: takardu dubu bisa dubu, a jere tsaf, kowane tari da sunansa, ga kyau, ba kuwa wadda ta san 'yar'uwarta. Ya shimfiɗa buzu a bakin taga, ya karyo tsinken tsintsiya. Sai ya ɗauki takarda ya ɗaga ta ga rana. In ba huda ya ajiye. In da huda, ya ɗora wasiƙar a kanta, ya daidaita gefe da gefe, ya zura tsinke. In tsinken ya tokare, ba ita ba ce.

Lokacin damina ne. Ranar da hadari ya rufe sama ba aiki, sai ya zauna yana kallon gajimare yana ƙirga kwanakin da suka rage. Ranar da rana ta fito kuwa, haskenta ke dukan idonsa tun hantsi har la'asar, har idanun suka yi ja, suna ta zubar ruwa. Daga gidan yari labari na zuwa cewa Galadima ya kamu da tari, Sarki ya aika da bargo da abinci daga gidansa, abincin yana komowa yadda aka kai shi.

Ran kwana ashirin da biyu, inuwa ta tare ƙofa. Waziri Cindo ne. Ya tsaya yana kallon tsohon yana laluben tsinke a ƙasa, ga shi kusa da gwiwarsa amma bai gan shi ba. Waziri ya sunkuya ya ɗauka ya miƙa masa. Sannan ya cire alkyabbarsa ya rataye, ya zauna a ƙasa.

Ya ce, "Malam, nuna mini yadda ake yi."

Malam Wada ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙura za ta ɓata maka kaya."

"Abin da na ɓata ya fi kaya."

Ni dai ban taɓa jin haushin Waziri Cindo ba kamar yadda wasu masu ba da labarin nan suke ji. Bai ƙulla wa kowa sharri ba. Ya ga abu a hargitse a idonsa, ya gyara, bai tambayi wanda ya shekara arba'in a wurin me ya sa yake haka ba. Irinsa suna da yawa, kuma mafi yawansu ba sa dawowa su zauna a ƙasa.

Suka ci gaba su biyu, Waziri na ɗagawa, Malam Wada na zura tsinke. Sun sami masu huda da yawa, ta gado, ta iyakar gona, ta rigimar makiyaya, amma ba mai huda uku irin na murhu. Ran kwana talatin da huɗu Malam Wada ya ce, "Alƙali Bunu yakan ɗora guntuwar takarda a kan kowace shari'a. Ina guntayen da ba su da suna?"

Waziri ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Na ƙone su, Malam. Kwando tara aka tara. An ƙone bakwai, ruwa ya sauko ya kashe wutar, aka tura biyu cikin zaure aka manta."

"A kawo biyun."

Aka kawo. Kwana biyu suna tonon kwandunan. A rana ta biyu, bayan azahar, Waziri ya ɗaga wani guntu da bai fi tafin hannu ba, gefensa ɗaya wuta ta lasa. Haske ya ɓullo ta huda uku. Ya ɗora shi a kan wasiƙar, Malam Wada ya zura tsinke, ya wuce sumul. Ya zura a ta biyu, ya wuce. Ta uku ma haka.

Waziri ya karanta. Ba suna, ba hatimi, layi biyu ne kawai: "Abin da ke ƙarƙashin wannan ƙarya ne. A ajiye, kada uban ya sani, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba."

Malam Wada ya karɓa ya manna a idonsa. Ya ce, "Hannun marigayi Sarki ne. Ba ya rubutu da kansa sai abin da ba ya so magatakarda su gani." Sai ya maimaita a hankali, "Kada uban ya sani."

Kowa a garin ya san Galadima ɗa namiji ɗaya ya haifa, Mamuda, wanda ya tafi aikin hajji a ƙasa tun yana saurayi, ya rasu a hanya. Duk shekara Galadima yakan yanka sa ya yi masa sadaka, in ana hira kuwa ba ya rasa cewa ɗansa a hanyar Allah ya cika. Waziri ya tashi ya je ya ɗauko tarin masu suna Mamuda. A nan dai tsarin nasa ya yi rana, sau ɗaya tak. Ba su kai tsakiyar tarin ba suka sami wata takarda mai huda uku, rubutunta iri ɗaya da na wasiƙar, ga hatimin Alƙali Bunu a ƙasa. Tsinke ya ratsa ukun gaba ɗaya.

Tana cewa, "Ni Mamuda na shaida gaban alƙali, ni na rubuta takardar da ke bisa wannan. Na saci hatimin mahaifina na buga, don a same ta a tuɓe shi a naɗa ni. Bai san komai ba."

Malam Wada ya tuna maganar gidan yari, ya gane abin da abokinsa ke nufi. Ya rufe fuska da hannun riga ya yi kuka irin na tsofaffi, wanda ba sauti.

Suka kai wa Sarki a keɓe. Malam Wada ya jera ukun yadda suka kwana shekara da shekaru, ya ba Sarki tsinken ya zura da hannunsa. Da Sarki ya ga rubutun mahaifinsa sai ya gane shi nan take. Ya miƙe, bai jira laima ba, bai jira doki ba, ya nufi gidan yari a ƙasa, Waziri da Malam Wada na biye.

Galadima na kwance, tari ya cinye shi, ya rage ƙashi da fata. Ya yunƙura zai tashi, Sarki ya riga shi durƙusawa.

Sarki ya ce, "Baba, ka yafe mini. An gano ƙarya ce. Wani ne ya saci hatiminka."

Galadima ya ce, "Wane ne?"

Sarki ya tuna wasiyyar mahaifinsa. Ya ce, "Wani ne da ya riga mu gidan gaskiya."

Tsohon ya yi ɗan murmushi. Ya ce, "Ka gaji mahaifinka wajen kunya. Ashe shi ma ya sani, ya zauna da ni shekara ashirin bai nuna mini a fuska ba, Allah ya jiƙansa. Ranka ya daɗe, kada ka wahalar da kanka. Tun ranar da aka miƙo mini takardar nan a fada na gane hannun. Ni na riƙe hannun nan a kan allo na koya masa jan alƙalami, ina za a yi in kasa gane shi? Na ce gara a sare ni da a riƙa faɗa a kasuwa cewa Mamuda ya haƙa wa ubansa rami. Ni ina raye, zan iya ɗauka. Shi ba ya nan balle ya ce a yafe masa."

Can Galadima ya juya wajen Malam Wada, ya ce, "Na ce ka bar su su kwanta, ka ƙi. To tunda ka tashe su, gaya mini abu ɗaya. Ya yi nadama?"

Malam Wada ya ce, "Idona ba ya gani sosai yanzu. Waziri, akwai saura a ƙasan takardar, karanta masa."

Waziri ya karanta: "Ina roƙon Sarki kada a gaya wa babana. Ba zan iya sake kallon idonsa ba. A bar ni in tafi gabas a ƙasa, ko Allah zai dubi wahalar hanya ya gafarta mini."

Hawaye suka gangaro wa Galadima har cikin gemu. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Kwana talatin da shida ina kwance a nan ina cewa ashe ƙarya na yi ta gaya wa mutane. Ashe ban yi ƙarya ba, a hanyar Allah ya cika. Na yafe masa. Kai ma, ɗana, na yafe maka."

Sarki da kansa ya naɗa masa rawaninsa. Aka ɗauke shi a kan gado aka kai shi gida, aka yi shela a kasuwa da kowace ƙofa cewa wasiƙar jabu ce, wanda ya yi ta ya daɗe da mutuwa, Galadima Gwadabe ba shi da laifi. Ba a ambaci suna ba, ba a kuwa taɓa ambata ba. Jama'a suka yi ta tururuwa zuwa gaishe shi, har waɗanda suka yi saurin cewa dama sun san za a rina. Amma sanyin gidan yari ya riga ya shiga ƙirjinsa. Kwana huɗu ya yi a ɗakinsa, ran na biyar da hantsi ya cika.

Bayan sadakar bakwai Waziri ya zo fada ya ajiye rawaninsa gaban Sarki, ya ce a yi masa hukunci. Sarki ya ce, "Kai ka ba da shawara, ni na ba da umarni. Ɗauki rawaninka. Hukuncinmu ɗaya, mu gyara abin da zai gyaru." Ya mayar wa Malam Wada mabuɗi, ya kafa doka: daga yau duk takardun da suka fito gida ɗaya a bar su tare, a bar su yadda mai su ya jera su, a rubuta daga ina suka fito da hannun wa suka biyo. Kada a ƙone ko guntu sai mutum uku sun karanta sun yarda. Mai son saurin nema kuwa ya buɗe littafi daban, ya rubuta sunaye da inda kowace takarda take kwance, ya bar takardun a inda suke. Waziri ne ya rubuta littafin nan da hannunsa, kuma ya yi amfani ƙwarai. Da tun farko shi aka yi, da ba a kai ga wannan labari ba.

Shekara shida Waziri yana zuwa soro kowace safiya, yana ɗagawa, Malam Wada na shafawa da yatsa, don daga baya idon ya tafi gaba ɗaya. Suna bin hudar ƙwaro, da tabon ruwa, da yadda kowane gida ke ninke takardarsa. Abin da suka iya mayarwa mazauninsa bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Sauran aka zuba su a ɗaki na uku, aka hana kafa hujja da su a kan kowa. Malam Wada ya sa wa ɗakin suna ɗakin marayu, ba ya kuwa son wucewa ta ƙofarsa.

Takardun nan uku su aka fara mayarwa. Ranar da za a ɗaure su, Sarki ya zo soro da wata takarda da ya rubuta da hannunsa. A ciki ya faɗi yadda ya kasa haƙurin jiran kwana uku, da yadda aka kwance ɗaurin, da yadda mutumin da ya goye shi ya kwana talatin da shida a gidan yari ba laifin tsaye ba na zaune. Ya ce a sa ta a ƙarƙashinsu, don sarkin da zai zo bayansa ya karanta. Malam Wada ya laluba ya jera su, ya ɗaure, ya zuba a gafaka, ya ɗinke bakin. Ya yanki 'yar takarda ya miƙa wa Waziri, ya ce ya rubuta daga inda suka fito da shekara, kamar yadda aka saba.

Waziri ya rubuta, ya ce, "Shi ke nan, Malam?"

Tsohon ya ɗora tafinsa a kan gafakar, ya daɗe bai ɗauke ba. Ya ce, "Ƙara layi ɗaya. Ka ce takarda huɗu ne, kada a raba su."